An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganin Kumburin Ciki a Daren Amai da Gudawa



Mun saba a wannan shafi mu tattauna batun albashi da ƙarin girma da halin da azuzuwanmu suke ciki. A wannan karo muna neman izini mu koma cikin gida, mu leƙa saman taga ko bayan madubi, inda kowannenmu yake ajiye 'yan magungunansa. Da wuya a shiga gidan malami a Kusa, ko Magama, ko cikin garin Jibia, a rasa kwalbar farin ruwan nan mai kauri da ake sha don ƙwannafi, ko ƙwayar taunawa mai ɗanɗanon na'ana'a, ko ƙunshin garin da ake zubawa a ruwa ya yi ta tafarfasa. Malami mutum ne da yake fita da sassafe bai karya ba, ya tsaya yana magana har azahar, saboda haka shi da ciwon ciki sun daɗe da sanin juna. Waɗannan magunguna suna da ranarsu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ranar da ba tasu ba, wato ranar da mutum ya ci gurɓataccen abinci, ciki ya murɗa, amai da gudawa suka biyo baya, mu kuma muka miƙa hannu ga kwalbar da muka saba.

A daminar bara wani abokin aikinmu ya je walimar suna da iyalinsa. Aka cika musu kula da dafa-duka suka taho da ita gida. Tun hantsi aka dafa ta, ba a buɗe kular ba sai bayan magariba. 'Yarsa mai shekara huɗu ta ci ta ƙoshi. Ana idar da sallar isha'i ta fara kuka tana riƙe ciki, cikin ya ɗan kumbura, sai amai. Uban ya ruga kemis kafin a rufe. Mai kemis ya saurare shi ya ce, "Malam, iska ce ta taru mata. Ba ta cokali biyu na wannan, za ka ji ta yi gyatsa." Haka kuwa aka yi. Ta yi gyatsa, kukan ya lafa, har barci ya ɗan ɗauke ta, hankalin kowa ya kwanta. Can tsakar dare gudawa ta ɓalle. Uwar ta lura duk sanda ta ba ta ruwa sai ta amayar, sai ta daina ba ta, gudun kada ta ƙara mata wahala. Aka ƙara mata cokali biyu na farin ruwan. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suke da dare a 'yan shekarun nan, saboda haka aka ce a jira gari ya waye. Kafin asuba idanun yarinya sun faɗa, leɓenta ya bushe, ba ta yi fitsari ba tun daren.

Da sassafe ya goya su a babur zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana laluben jijiya kafin ta samu inda za ta sa allurar ƙarin ruwa. Da ta ɗaura ledar farko ta juyo ta ce, "Malam, me kuka ba ta a gida?" Ya zaro kwalba daga aljihu. Ta ce, "Ruwa fa?" Ya yi shiru. Allah Ya yi da sauran kwananta, an sallame su bayan kwana biyu. Da ya dawo aiki, muna zaune a inuwar bedi lokacin tara, ya faɗi maganar da har yau take mana yawo a rai. Ya ce, "Wallahi ni na koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari a aji biyar, zangon da ya wuce. Na rubuta a allo, na kawo a jarrabawa, na ba yara maki a kai. Da abin ya zo kan 'yata ban tuna da shi ba."

Ba mu kawo labarinsa don mu yi masa dariya ba, domin da yawanmu abin da ya yi shi za mu yi. Kunne yana jin kukan ciki, ido yana ganin kumburi, amma ruwan da yake tsiyayewa daga jikin mara lafiya a ɓoye yake tafiya. Sai mu bi abin da muke gani da magani, mu bar abin da yake kisa. Wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki.

Bari mu dubi abin da yake cikin kwalbar. Magungunan kumburin ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba galibi sun kasu gida uku. Na farko sinadari ne mai suna simetikon. Aikinsa ɗaya tak: yana haɗa ƙananan kumfan iska da suke cikin tumbi da hanji su zama manya, su samu hanyar fita ta sama ko ta ƙasa. Ba ya shiga jini, yadda aka sha shi haka yake fita, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin magani mai sauƙin illa. To amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda, ba ya karya dafin da ta zuba a abinci, ba ya mayar wa jiki ko ɗigon ruwa. Na biyu su ne masu kashe tsamin ciki, waɗanda muke kira maganin olsa, akasarinsu haɗin sinadaran maganiziyam da alminiyam ne, sau da yawa ma ana cakuɗa su da simetikon a kwalba guda. Na uku shi ne garin nan mai tafarfasa, wanda tushensa bakin soda ne, wani kuma ana ƙara masa gishirin maganiziyam da gangan don ya saki ciki. A gefen waɗannan akwai tamu ta gado, wato kanwa, wadda iyayenmu suke jiƙawa su ba mai kumburi, ita ma aikinta kashe tsami ne.

Ga inda gizo yake saƙar. Maganiziyam yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, shi ya sa ake amfani da shi wajen maganin ƙullewar ciki. Wanda yake gudawa kuma aka ɗura masa shi, an ƙara wa kogi ruwa ke nan. Sa'an nan tsamin tumbi da muke ƙoƙarin kashewa mai gadi ne da Allah Ya ajiye a bakin ƙofa, yawancin ƙwayoyin cuta da muke haɗiyewa a nan suke mutuwa. Tun a shekarun 1970 masu bincike a Amurka suka gwada a jikin mutanen da suka ba da kansu, suka ga cewa ana bukatar ƙwayoyin kwalara masu ɗimbin yawa kafin su kwantar da mai lafiyayyen tumbi, amma idan aka fara kashe tsamin da bakin soda, kaɗan daga ciki sun isa. Wanda ya mayar da shan maganin olsa ko ruwan kanwa al'ada kafin ya zauna gaban akushin biki, a lokacin da annoba take gari, ya sallami mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Abu na uku, idan har likita ya ga ya dace ya rubuta maganin kashe ƙwayar cuta irin su sifrofuloksasin ko tetarasaikilin, maganiziyam da alminiyam suna riƙe shi a cikin hanji su hana shi shiga jini. An kashe kuɗi, an sha magani, bai yi aiki ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani. Kumburin cikin yaro mai gudawa ba kullum iska ce take kawo shi ba. Gudawa tana fitar da sinadarin fotasiyam daga jiki, idan kuwa ya yi ƙaranci sai hanji ya yi sanyi ya daina motsi, ciki ya tashi kamar ganga. Maganin wannan kumburi yana cikin ƙunshin ORS, domin akwai fotasiyam a ciki. Haka nan cikin da ya ƙame ya yi tauri, mai shi ba ya yarda a taɓa, babu tusa babu bayan gida, yana iya zama hujewar hanji daga zazzaɓin taifot, ko toshewarsa, ko ciwon afendis. Wannan aikin ɗakin tiyata ne, duk sa'ar da aka ɓata ana jiran gyatsa ana rage wa likita damar ceto.

Saboda haka babbar illar maganin kumburi a irin wannan dare ita ce lokacin da yake cinyewa. Yana ba mu 'yar gyatsa da ɗan sauƙi, mu ce alhamdu lillahi an samu lafiya, mu koma mu kwanta. Babba mai ƙarfi yana iya jurewa, yawancin gurɓacewar abinci ma takan wuce da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku idan ana shan ruwa. Amma jariri, da yaron da tamowa ta riga ta raunana, da tsoho, da mai juna biyu, da mai ciwon sukari, ba su da ajiyar da za su yi wannan jira da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2015 cewa mutum miliyan 600 suke kwanciya ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ce ta fi kowace ɗaukar wannan nauyi idan aka auna da yawan jama'arta.

Mu mutanen bakin iyaka ba ma bukatar a je nesa a nemo mana misali. A farkon watan Yulin 2018 wasu mutum uku 'yan gida ɗaya daga nan Jibia suka tsallaka zuwa wani asibiti a yankin Madarunfa suna amai da gudawa. A tsakiyar watan hukumomin Nijar suka tabbatar da cewa kwalara ce, kuma kafin watan Oktoba ta kama mutum sama da 3,000 a can, akasarinsu a jihar Maraɗi. A wannan tsakiyar watan ne kuma ambaliya ta afka wa garin Jibia da dare, ta ci rayuka da dama, ta rushe gidaje, ta haɗa rijiya da masai. A 2021 annobar ta dawo da ƙarfi, Hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, Maraɗi ma ba ta tsira ba. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma ƙwayar cuta ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Kasuwarmu ɗaya da mutanen Ɗan Isa, aurenmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Abin lura shi ne, a sa'o'in farko ba mai iya bambance kwalara da ɓacin cikin da ya biyo bayan dafa-duka ta hanyar kallo kawai. Kwalara kuwa tana iya kashe babban mutum cikin yini guda idan ba a mayar masa da ruwa ba.

Wani lokaci ma abin da aka ci guba ce tsantsa. Ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 2021 ba, lokacin da wani gurɓataccen gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, da garin lemon da ya lalace, suka kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu. Mun kuma san yadda wasu suke zuba maganin ƙwari a buhun wake don kada ya yi ƙwaro, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015. Wanda ya ci irin wannan za a ga yawu yana dalala, gumi yana karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, jikinsa yana karkarwa. Babu kwalba ko kanwa ko manja ko nonon da zai yi masa amfani. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da sauran abincin ko kwalbar maganin ƙwarin don likita ya gani.

Mun san abin da wani ɗan uwa zai ce, domin mu ma mun faɗa. Zai ce, "Malam, ka yi magana kamar ba a nan kake zaune ba. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Asibiti da nisa, hanya da tsoro, kemis kuwa ga shi a bakin layi, mai shi ɗan unguwa ne, yana ba da bashi har a yi albashi." Duk wannan gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kuma za mu ɗora wa masu kemis laifin duniya ba. A ƙauyuka da yawa su ne kaɗai fitilar da take kunne bayan isha'i, kuma akwai masu amana a cikinsu waɗanda suke cewa wannan ya fi ƙarfina, ku wuce asibiti. Amma wannan hujja tamu ce, domin ita take nuna dalilin da ya sa dole mu san abin da ya dace mu saya. Wanda asibiti yake bayan gidansa yana iya yin kuskure a gyara masa cikin minti goma. Mu da muke jiran wayewar gari, abin da muka ba mara lafiya tsakanin isha'i da asuba shi ne zai nuna a wane hali zai isa gaban likita. Kuma a kantar nan da aka jera farin ruwan, a nan ƙunshin ORS yake, kuɗinsa bai kai na kwalbar ba. Sau da yawa mai kemis abin da muka tambaya yake miƙo mana. Idan muka ce ciki ya kumbura, zai ba mu na kumburi. Idan muka ce yaro yana amai da gudawa, a ba mu ORS da zink, shi zai ba mu.

Wani kuma zai ce ai ruwan gishiri da sukari ba magani ba ne, ba ya tsayar da gudawa. Haka ne, ba ya tsayar da ita nan take, kuma wannan ne ya sa mutanenmu suke raina shi, su fi son ƙwayar da za ta ɗaure ciki ko kafso mai ja da rawaya. Sai dai gudawa hanya ce da jiki yake fitar da abin da ya cutar da shi. Ƙwayar ɗaure ciki, wato lofaramaid, ba a ba ƙananan yara ita, ba a kuma shan ta idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, domin tana tsare cutar a ciki, tana kuma iya kumbura cikin yaro. Kafson tetarasaikilin yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara takwas, bai kuma dace da mai juna biyu ba. Shan Flagyl a kan kowace gudawa ba tare da gwaji ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake bukatarsa da gaske a tarar ya daina ci. Shi kuwa ruwan da muke rainawa tarihinsa ya isa shaida. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin zuwa jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba. Mu da muka haura arba'in muna tuna yadda aka cika rediyo da wannan saƙo a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Iyayenmu mata da ba su shiga aji ba sun haddace shi. Abin kunya ne a ce ya ɓace a hannunmu, mu masu takardar NCE.

Bari mu maimaita darasin, wannan karon domin gida. Ƙunshin ORS guda ana narkar da shi a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. Ledar ruwa biyu masu 50cl lita ɗaya ke nan. In ruwan rijiya ne ko na rafi, a tafasa shi ya huce. In babu ƙunshin, a zuba shafaffen cokalin shayi shida na sukari da rabin shafaffen cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya, a ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, ɗan shekara biyu zuwa goma rabin kofi zuwa kofi guda, babba ya sha iya abin da zai iya. Idan ya amayar, a dakata minti goma a ci gaba, cokali ɗaya bayan kowane minti biyu ko uku. Ko yana amai, wani abu yana zama a ciki, saboda haka kada a hana ruwa. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, wanda aka yaye a ba shi koko ko kunu ko ruwan shinkafa da zarar ya karɓa. A haɗa wa yaro da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004. Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan, yawan sukarinsa ƙara gudawa yake yi.

Akwai alamomin da idan aka gan su an wuce maganar gida: ido ya faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fatar ciki idan aka ja ta ba ta komawa da sauri, fitsari ya ɗauke na tsawon sa'o'i, yaro ya yi laushi ya kasa sha ko ya kasa tsotso, amai ya ƙi tsayawa, jini ko majina a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, bayan gida fari tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, ko mutane da yawa su kwanta bayan sun ci daga tukunya ɗaya. A nufi asibiti mafi kusa, ana tafe ana ba shi ORS a hanya. Shi kuwa maganin kumburi, ga babban mutum da gudawarsa ta lafa, yana shan ruwa yana fitsari, iska ce kawai ta rage tana damunsa, in ya tauna ƙwayar simetikon babu laifi. Matsayinsa ke nan, a sahun ƙarshe.

Rigakafi kuma daga madafa yake farawa. Dafaffen abinci idan ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ƙwayoyin cuta sun fara hayayyafa, a zafinmu na Afrilu da Mayu ma bai kai haka ba. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da take zuba dafin da ɗumame ba ya karya shi, shi ya sa wadda ta yini a kula take kawo amai cikin 'yan sa'o'i ko da an sake ɗora ta a wuta. Kunun aya, da alala, da kwaɗo, da nonon da ba a dafa ba, da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, duk suna bukatar ido. Shi kansa maganin zafi yana lalata shi, yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. Wanda ya yini a faranti a kan mai talla, a tasha ko a kasuwa, ko daga wane ɓangaren iyaka ya fito, ba abin sa wa yaro a baki ba ne. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar ƙarewar aiki.

To mene ne namu a ƙungiyance? Muna kira ga shugabannin reshenmu na NUT da su ɗauki wannan batu kamar yadda suke ɗaukar batun haƙƙoƙinmu. Na ɗaya, a nemi Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma da kwamitocin SBMC su tabbatar kowace makaranta tana da akwatin agajin gaggawa mai ɗauke da ORS, da kofi da cokali, da mazubin ruwa mai murfi. Yaro yakan fara amai a aji, gidansu da nisa, kafin a kira iyaye malami ne a kansa. Ba aikinmu ba ne mu riƙa raba wa 'ya'yan mutane ƙwayoyi daga aljihu, amma kofin ORS agajin farko ne. Na biyu, kafin kowace damina a gayyato ma'aikatan sashen lafiya matakin farko su yi mana bita ta yini guda, mu da matanmu da mazajenmu, a haɗa ruwan da hannu a gabanmu, domin abin da hannu ya taɓa yi shi yake tunawa da tsakar dare. Na uku, a zauna da mata masu sayar da abinci a bakin makarantu, cikin mutunci, domin 'yan uwanmu ne masu neman halali, a yi yarjejeniya kan rufe abinci da wanke hannu da sabulu da rashin kawo kwantai. Na huɗu, a nemi zama da ƙungiyar masu kemis ta wannan yanki, a roƙe su duk wanda ya zo neman maganin kumburi su fara tambayarsa ko akwai amai da gudawa. Na biyar, ƙungiya ta bi diddigin rajistar mambobi da iyalansu a shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, domin malamin da ya san katinsa yana aiki ba zai tsaya lissafin aljihu ba alhali ɗansa yana bushewa.

Mu malamai ana kallonmu. A unguwa idan yaro ya kwanta, sau da yawa ƙofar Malam ko Malama ake fara ƙwanƙwasawa, a ce ku da kuka yi boko, me za a ba shi? Abin da muka miƙa a daren nan shi za a riƙa miƙawa a gidaje goma. Abokin aikinmu da muka ba da labarinsa yanzu ƙunshin ORS biyar yake ajiyewa a cikin gwangwanin madara a saman taga, daidai inda kwalbar take a da, ya kuma sa 'yan aji biyar kowa ya zo da cokalin shayi daga gida ranar darasin. Muna roƙon kowane mai karanta wannan shafi, kafin albashin wannan wata ya ƙare, ya tsaya a kemis ya sayi nasa, ya zauna da mai ɗakinsa ko maigidanta su haɗa sau ɗaya tun ana lafiya.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu da ɗalibanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a wannan yanki namu. Amin.